Titi mai mita 400 a bakin teku: me ke tsayar da jirgi, birki ko lissafi?

Abdul Ɗalibi: Salamu alaikum manyanmu. Titin jirgin tsibirin Saba da ke Karebiyan tsawonsa mita 400 ne kacal, kuma gaba da baya gaɓar dutse ce da ta gangara cikin teku. Amma kullum Twin Otter, ƙaramin jirgin fasinja mai farfela biyu, na sauka a wurin da fasinja. Abin da nake son fahimta shi ne, ƙarfin birki da ribas ɗin farfela (wato farfela ta riƙa tura iska gaba don tsayar da jirgi) ne ke wannan aiki, ko akwai wata dabara daban?

Kyaftin Sani: Wa alaikumus salam. Abdul, cire birki daga ranka tukuna. Kafin taya ta taɓa ƙasa an riga an gama magana. Abu biyu ne: gudun da ka tsallako bakin titi da shi, da wurin da ka ajiye tayoyin. In ka ɓata ɗaya daga cikinsu, birki da ribas sai dai su yi maka rakiya zuwa ƙarshen titi.

Malam Bala Mai Koyarwa: Bari in sa wa maganar Kyaftin lamba. A manyan filaye ana gangarowa ne a kan digiri 3, a tsallake bakin titi da tsayin ƙafa 50. In ka bi wannan layin har ƙasa, wurin da zai kai ka yana wajen mita 290 daga bakin titi. A titi mai mita 3,000 wannan ba komai ba ne. A Saba kuwa saura mita 110 ke nan, ba ka ma fara ɗaga hanci ba. Don haka wannan tsarin bai aiki a can, dole a tsallake baki ƙasa-ƙasa, a nufi farkon titin.

Sai gudu. Not 70 daidai yake da mita 36 a daƙiƙa ɗaya (not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa). Jirgin da ya yi shawagi a saman titi na daƙiƙa uku yana neman sauka mai laushi ya cinye mita 108. Kuma ƙarfin da birki zai kashe ba ya tafiya kai tsaye da gudu, yana tafiya ne da gudu sau gudu. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a gudu yana zama ƙarin kashi 21 a nisan tsayawa. Haka tsayi: a digiri 3, duk ƙarin ƙafa 10 a bakin titi yana tura ka gaba da kusan mita 58. Haɗa not biyar na ƙari da ƙafa goma na ƙari da daƙiƙa biyu na shawagi, kowanne shi kaɗai kamar ba komai ba, sai ka ga titin ya ƙare.

Garba: To in haka ne, Malam, ai maganin a fili yake. A zo ƙasa-ƙasa tun daga nesa, a jawo jirgi da totur a hankali, da an kai baki a yanke wuta ya zauna. Babu sauran tsayin da za a ɓata.

Kyaftin Zainab: A'a, Malam Garba, wannan ita ce hanyar da ta fi haɗari a tsibiri, kuma ga dalili. Ana sauka ne ana fuskantar iska. Iskar nan tana bin saman titi tana tahowa wajenka, da ta kai bakin gaɓa sai ta zubo ƙasa kamar ruwa daga indararo. Wato daidai wurin da kake ƙasa kuma a hankali, nan ne iska ke danna ka ƙasa. In ka zo kwance da hanci sama da gudu kaɗan, babu abin da za ka musanya: ba tsayi, ba gudu. A titin da ke fili, in ka gaza kaiwa ka taka ciyawa ne. A nan dutse za ka tarar a tsaye.

Ga kuma hanci da ke rufe maka wurin da kake nufi. Gara gangara mai ɗan tsauri, filaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don jirgi ya iya tafiya a hankali) duka a sauke, gudu a daidai, da ɗan wuta a injin da za ka iya ƙarawa nan take. Hannu ba ya barin totur. Da ka ji kujera ta yi sauƙi a ƙarƙashinka kusa da gaɓa, wuta za ka ƙara, ba hanci za ka ja ba.

Garba: Na karɓi maganar iskar. Amma gangara mai tsauri ai tana kawo gudu.

Kyaftin Zainab: In jirgin ba shi da abin da zai riƙe shi, e. Shi ya sa ba kowane jirgi ake kaiwa can ba. Filaf ɗin Twin Otter yana sauka har digiri 37.5, kuma farfelolinsa biyu in an rage wuta suna zama kamar faifai a gaban iska. Yana iya gangarowa sosai gudunsa na nan a wajen not 70 da 'yan kai.

Malam Bala Mai Koyarwa: Kuma wannan lambar ba ta dindindin ba ce. Gudun tsallake baki ana samunsa ne daga gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi da filaf a sauke, a ninka shi da 1.3. Wannan kuwa nauyi yake bi. In nauyi ya ragu da kashi 10, gudun ya ragu da kusan kashi 5. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya haddace lambar cikakken lodi, ya zo da ita alhali jirgin rabin lodi ne. Shi a ganinsa yana daidai, jirgin kuwa ya ƙi zama.

Abdul Ɗalibi: Malam, ƙaramin jirgin koyo irin Cessna 172 fa? Ai ya fi Twin Otter sauka a hankali.

Malam Bala Mai Koyarwa: Mu lissafa. Littafin 172S ya ce da cikakken nauyi, a daidai matakin teku, busasshen titi, ba iska, filaf digiri 30, gudu not 61: daga tsayin ƙafa 50 zuwa tsayawa ƙafa 1,335, wato mita 407. A ciki mita 175 ne kawai gudun ƙasa. Lura da wannan, fiye da rabin nisan a sama ake cinye shi. Sannan wannan lamba ƙwararren matuƙin gwaji ne ya samo ta da sabon jirgi da sabon birki. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta Birtaniya ke ba da shawarar a ninka da 1.43, ma'ana ka iya tsayawa cikin kashi 70 na titin. 407 sau 1.43 ya ba ka mita 582. Ka ga Saba ta fita.

Yanzu sa iskar baya. Littafin ya ce duk not 2 na iskar baya ƙarin kashi 10 ne, alhali sai iskar gaba ta kai not 9 kafin ta rage maka kashi 10. Iskar baya not 4, wadda da ƙyar take motsa safar iska (ƙyallen da ke nuna inda iska ke kaɗawa a gefen titi), ta kai 407 zuwa 488, da 1.43 kuma mita 698. Titin Saint Barthélemy, wani tsibirin Faransa a Karebiyan, mita 646 ne. Jiƙaƙƙen titi ƙara kashi 15. Gangaren kashi 2 ƙara kashi 10. Kuma waɗannan ninka su ake yi a kan juna, ba tarawa ba.

Mustafa Hasumiya: Ƙari a kan wannan, a dokokin jiragen haya ba a yarda ka ci moriyar fiye da rabin iskar gaba da aka ba ka ba, iskar baya kuwa sai ka lissafa ta sau ɗaya da rabi. Sai zafi. Mutane na ganin tun da tsibiri a bakin teku yake babu matsalar siraran iska. A zafin digiri 30, jirgi ji yake kamar yana tsayin ƙafa 1,800 ko da titin na shan ruwan teku. Allurar gudu za ta nuna maka lambar da ka saba, amma gudunka a kan ƙasa ya ƙaru.

Garba: Tun da an ambaci Saint Barthélemy, wanne ya fi wuya, shi ko Saba? Ni a ganina mita 646 ai wadata ce.

Kyaftin Sani: Wahalarsu ba iri ɗaya ba ce. A Saba hanyar shigowa a buɗe take ta kan teku, titin ne gajere. A Saint Barthélemy, in za ka sauka a titi na 10 (sunan titin in ka shigo ta yamma), ta kan tudu za ka ɓullo, inda hanyar mota take, ka tsallake kan motoci da tazara kaɗan, sannan ka bi gangaren tudun hanci ƙasa, ga titin shi ma yana gangarawa zuwa bakin ruwan Saint-Jean. Ƙasa na gudu daga ƙarƙashinka. Kana ɗaga hanci titin na ƙara yin ƙasa, sai shawagin ya yi tsawo. Iskar gabas da ta hau tudun kuma tana ɗaga ka a daidai lokacin da kake son sauka. Don haka mita 646 ɗin nan ba duka ne naka ba. Shi ya sa sai matuƙi ya sami horo da izini na musamman na wannan filin kafin ya shiga.

In kuma ta ɓangaren teku ka shigo, titi na 28, tudun ne a gabanka. Akwai inda in ka wuce shi babu sauran fasa sauka.

Kyaftin Zainab: A nan ne ya kamata a tuna hatsarin 24 ga Maris 2001. Twin Otter na kamfanin Air Caraïbes ya faɗi a kan wani gida yana gab da tsallake wannan tudun, mutum 19 da ke ciki da mutum ɗaya a ƙasa suka rasu, Allah Ya kyauta. Masu binciken Faransa sun karkata ga cewa matuƙin ya ja totur ya shiga yankin ribas, inda farfela ke tura iska gaba, alhali yana sama, don ya rage gudu da tsayi, sannan wajen mayar da wuta injin biyu ba su amsa daidai ba, jirgin ya kife gefe. Wannan yanki na bayan tayoyi sun taɓa ƙasa ne kawai, littafin jirgin ya hana shi a sama. In ka ga ka yi tsayi ko ka yi gudu har kana tunanin irin wannan dabara, amsar ita ce ka tashi ka sake zagayowa.

Abdul Ɗalibi: Yaushe ne mutum zai ce ya fasa? A sama komai na faruwa da sauri.

Kyaftin Sani: Ba a wurin ake yanke shawarar ba, tun kafin a fara gangarowa ake yanke ta, a faɗe ta da baki. Zaɓi alama a gefen titi, mahaɗar hanya ko safar iska ko wani zane. In manyan tayoyi ba su zauna kafin nan ba, wuta duka, ba tattaunawa. A gajeren titi wannan alamar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na farko, a irin Saba kuma ta fi haka kusa da baki. Kafin ita akwai wata ƙofar a tsayin ƙafa 300 zuwa 500: filaf a inda ya kamata, gudu a daidai, kana kan layin tsakiya, gangara ba ta wuce kima ba. In ɗaya ya kauce, fasa.

Mafi muni shi ne zuciya biyu. Ka taɓa ƙasa, ka taka birki, ka sa ribas, sannan ka ga ƙarshen titi ka ce bari in tashi. Injin turbin yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya dawo da ƙarfi, farfela na buƙatar lokaci ta komo daga ribas, filaf na nan duka a sauke. Da ka sa ribas ka zama na ƙasa. Fita ƙarshen titi da not 15 ya fi barinsa da not 50 ba ka tashi ba.

Injiniya Hauwa: Ranku ya daɗe matuƙa, ku bar ni in ce wani abu a kan birkin da kuka raina. Twin Otter da Islander (wani ƙaramin jirgin fasinja mai injin biyu) da 172 duk ba su da na'urar hana taya kullewa irin ta manyan jirage. Ƙafarka ce na'urar. A daƙiƙun farko bayan taɓa ƙasa fiffike na ɗauke da yawancin nauyi, taya ba ta danne ba. Ka take birki da ƙarfi a lokacin, taya ta tsaya cak tana jan ƙasa, roba ta cinye a wuri ɗaya har zare ya fito, wani lokaci ta fashe. Tayar da ta kulle kuma ba ta tsayar da jirgi kamar wadda ke juyawa da ƙyar. Don haka a fara da matsi matsakaici, a riƙa ƙarawa yayin da gudu ke raguwa, sitiyari kuma a jawo shi baya don nauyi ya hau manyan tayoyi. Mai tura sitiyari gaba don ya manna jirgi a ƙasa yana ɗora shi ne a kan tayar hanci kamar baro, birki ya rasa riƙo, jirgin ya fara wutsil-wutsil.

In akwai ruwa kwance a titi, ga lissafi mai sauƙi: tushen murabba'in iskar taya sau 9. Taya mai psi 36 (psi ma'aunin matsin iskar taya ne), tushensa 6, sau 9 ya zama not 54. Sama da haka tana iya hawa kan ruwa ta daina taɓa kwalta. Tayar da ba ta fara juyawa ba, kamar lokacin sauka, tana fara haka tun wajen not 46. Tayar da iskarta ta ragu kuwa tun da wuri za ta fara. Shi ya sa a jiƙaƙƙen titi ake so a dasa jirgi da ɗan ƙarfi, ba a lallaɓa shi ba.

Garba: Injiniya, batun janye filaf da zarar an taɓa ƙasa fa? Wasu malamai na hanawa.

Injiniya Hauwa: Littafin 172 da kansa ya ce a janye a saukar gajeren titi, don nauyi ya koma kan taya. Masu hanawa tsoronsu jirage masu naɗe taya ne, inda hannu kan kuskure ya kama makunnin taya maimakon na filaf. A bi littafin jirgin da ake ciki.

Malam Bala Mai Koyarwa: Ni dai ina da ja kaɗan. Filaf ɗin lantarki yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya hau, gudun ƙasan duka kuwa bai wuce daƙiƙa goma sha wani abu ba. Ribar tana nan amma ba ta da yawa. Sabon matuƙi da zai sunkuyar da kai yana laluben makunni ga iskar gefe na tura shi, gara ya bar filaf ya riƙe layin tsakiya. Titunan nan ba gajeru kawai ba ne, sirara ne.

Kyaftin Zainab: Sirantar ma tana yaudarar ido. Siririn titi yana sa ka ji kamar ka yi sama da yawa, sai ka sauko ƙasa da yadda ya kamata. Titi mai gangara gaba yana sa ka ji kamar ka yi ƙasa, sai ka zo da tsayi. Teku kuma ba shi da bishiya ko gini da ido zai auna tsayi da su. Abin dogaro shi ne wurin da ka nufa ya tsaya cak a gilashi, ba ya hawa ba ya sauka, da allurar gudu da ake leƙawa a kai a kai.

Mustafa Hasumiya: Akwai rigimar da ba a taɓo ba, ta iska mai bugowa. An ce maka not 12, tana bugawa zuwa 22. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙara rabin bambancin, wato not 5. To amma Malam Bala ya nuna mana abin da ƙarin gudu ke yi.

Malam Bala Mai Koyarwa: Not 5 a kan 61 kashi 8 ne, kusan kashi 17 a nisa. In iskar gaba ce sosai, ita kanta ta biya maka wannan bashin, don gudunka a kan ƙasa ya ragu. Matsalar ita ce in daga gefe take: ka ƙara gudu, ba ta rage maka komai ba, ga birki da za ka raba da riƙon hanya. In lissafi da ƙarin bai shiga titin ba, ba cire ƙarin za ka yi ba, komawa za ka yi. Tsibirai masu dutse kamar Saba, inda tsaunin Scenery ya haura mita 850, in iska ta biyo ta bayan dutse tana zuwa ne a murɗe, safar iska ta wannan baki na nuna gabas ta wancan na nuna wani wuri. Kamfanonin da ke zuwa irin wuraren suna da iyakar iska ta kowace kusurwa, in ta wuce ba a zuwa.

Wannan kuma ya jawo maganar mai. Yawancin ƙananan tsibiran ba a shan mai a can, dole ka ɗauki na zuwa da na dawowa da na kaucewa zuwa wani fili. Kowane kilo na mai kilo ne da aka hana fasinja ko kaya. Shi ya sa ake barin kujeru babu kowa, ake auna jaka, a Islander mai fasinja 9 ma har wurin zama matuƙi ke nuna wa kowa don daidaita nauyi.

Abdul Ɗalibi: Na ji an ce a Sikotilan akwai inda ake sauka a kan rairayi.

Mustafa Hasumiya: Barra ke nan. Twin Otter ke zuwa daga Gilasgo ya sauka a bakin teku, tituna uku da aka yi wa alama da turakun katako, kuma jadawalin jirgi cikar teku da janyewarsa yake bi, don in ruwa ya cika titin na ƙarƙashinsa. Can tsawo ba shi ne damuwa ba, taurin yashi ne da ruwan da ya kwanta. Wanda ya fi kama da abin da muke magana shi ne Heligoland ta Jamus, mai tituna uku, mita 480 da 371 da 258, inda Islander ke aiki.

Injiniya Hauwa: Kuma duk wuraren nan gishiri ne abokin gaba. Yana cin faifan birki, yana sa fistan ɗin birki ya maƙale, sai ka taka gefe ɗaya ya kama ɗayan ya ƙi. Ana wanke cikin injin turbin da ruwa mai tsabta a kai a kai, ana wanke ƙafafun jirgi. Ribas kuma in gudu ya ragu a mayar da shi, in ba haka ba farfela na tayar da yashi da tsakuwa gaba, injin ya shaƙa, bakin farfela ya tsattsage. Kafin sauka a taka birki a ji yana da tauri, sannan a sauke dugadugai ƙasa, kar a taɓa titi da ƙafa a kan birki.

Kyaftin Sani: Abdul, kar ka manta wanda ya sauka sai ya tashi, kuma sau da yawa tashin ya fi cin titi. A alƙaluman kamfanin da ya ƙera Twin Otter, da dabarar gajeren titi, sauka daga ƙafa 50 wajen mita 320 ne, tashi zuwa ƙafa 50 kuwa wajen mita 366. Don haka lissafin tashi ake fara yi kafin a je. Ana komawa har ƙarshen titi, a riƙe birki, a kawo wuta, a duba allurai sun yi daidai a injin biyu, sannan a saki. Ga ƙananan jirage akwai ma'auni: in ka kai rabin titi ba ka sami kashi 70 na gudun tashi ba, tsaya.

Malam Bala Mai Koyarwa: Dalilin lambar, 0.7 sau 0.7 ya ba da 0.49, wato rabin ƙarfin da kake buƙata a rabin titi. Amma ma'aunin yana gaya maka ko za ka tashi ne kawai, bai yi alkawarin ragowar rabin zai ishe ka tsayawa ba. Wannan lissafi ne daban, a yi shi tun a ƙasa. Kuma in za ka koyi duk wannan, Abdul, a dogon titi ake koya: ka zaɓi zane ɗaya ka ce nan ne bakin gaɓa, ka auna mita 400 daga nan, malami na gefenka yana rubuta inda tayoyi suka taɓa da inda ka tsaya, sau goma a jere, da lodi daban-daban da iska daban-daban.